Nuna wa Dainamo Gabas

Na dawo daga Sofiya ta ƙasar Bulgariya a shekarar da aka canza kuɗi, da takardar digiri, da kwat ɗin sanyi, da mitar awon wuta a cikin jakar fata. Shekara shida na yi ina koyon yadda ake ba birni guda wuta. Garinmu, Gangaren Ɗinya, ko turken waya ɗaya babu. A Kano kuwa an rufe ɗaukar ma'aikata. Na buga ƙananan katuna masu ɗauke da sunana, Injiniya Khalilu Sama'ila, na yi wata uku ina yawo da su ofis-ofis. Mutum ɗaya ya karɓa, wani masinja, kuma ban bar ƙofar ba sai da na ga yana sakace haƙori da gefensa. Na tattara na koma gida cin tuwon Inna.

Damina biyu a jere ta yi gardama. Jakunan gidanmu uku ne: an kai biyu kasuwar Shanono an dawo da hatsi, na ukun ya kwanta bai tashi ba. A wajenmu gona ba ta hutawa. Gona na jikin gona, gida na jikin gona, abin da ke riƙe da ƙasar kawai taki ne. Wanda bai kai taki ba kafin ruwan farko, ya yi wa ƙasa kyautar iri. Jujinmu kuwa ya taru a bayan gida kamar tsauni, babu abin ɗauka.

Baffa Ja'afaru, ƙanin mahaifina, shi ke riƙe da gandu tun rasuwar Alhaji, mahaifin nawa. Wata Juma'a bayan an sauko ya tara mu a zaure ya ce ya yi magana da maƙeri. Juma'a mai zuwa zai zo ya cire ƙafafun bayan motar Alhaji da ƙarfen da ke haɗe su, a ɗora katako, a yi amalanke. Maƙwabcinmu yana da shanun huɗa, za a riƙa raba aiki.

Motar tsohuwar Landiroba ce, Alhaji ya saye ta hannun wani Baturen gona lokacin da gyaɗa take gyaɗa. Shekara uku tana tsaye a rumfar kara, kaji na ƙwai a kujerar direba. Na ce ban yarda ba. Na yi maganar tunawa da mahaifi. Gaskiyar ita ce, in ka cire keken ɗinkin Inna, ita kaɗai ce inji a gidan. In aka yanka ta, ni injiniyan me ne?

Baffa bai yi musu ba. Ya ce kwana shida gare ni. Ranar Alhamis in ta kai shi Rimin Gado ta dawo da shi da ƙafarta, ba turi, ba ja, to ta tsira. In ba haka ba, maƙeri.

Fetur na samu galan biyu, na ba da kwat ɗin sanyi. Mai fetur ɗin ya ce zai yi wa tsohuwarsa shimfiɗa da shi. Batir ne matsala. Na motar ya daɗe da kumbura ya tsage. A duk garin batir ɗaya ne, na lasifikar masallaci, yana hannun Ladan Dabo, tsoho ɗan shekara saba'in wanda yake kula da shi kamar jinjiri. Duk mako sai a ɗaure shi a bayan keke a kai Rimin Gado caji. Na je na durƙusa, na yi bayani. Ya ce zai ba ni bayan asuba, in dawo da shi kafin azahar. Ya ƙara da cewa shi bai san boko ba, amma ya san nauyin batirinsa. Na yi dariya a raina, don caji ba ya ƙara wa batir nauyi. Wannan ita ce dariyata ta ƙarshe a makon.

Kwana biyu na yi ina shiri. Na wanke kafireto, na goge filogi, na kwance dainamo, wato injin da ke cika batir in mota na tafiya, na share shi, na fere sababbin gawayi na sa masa. Duk wannan lokaci akwai mai kallo. Nababa, tsohon direban Alhaji, shekara goma sha takwas yana tuƙa motar nan. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Kullum da hantsi zai lallaɓo da sanda ya zauna a kan turmi kusa da rumfar, yana sauraron ƙarar sifana. Wani lokaci ya ce, wannan lamba goma sha uku ce ka ɗauka, sha ɗaya take so. Yakan yi daidai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar Litinin na ɗauko batir na ɗora a mazauninsa. A nan na gano abin da na ɗauka babban kuskure ne. Batir kai biyu gare shi, mai kauri da siriri. Duk motar da na taɓa gani, siririn ake haɗawa da jikin mota, mai kaurin ya kai wuta inji. A wannan motar kuwa, wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe ita ce mai faffaɗan baki, ta kan mai kauri. An juya su.

Na gaya wa Nababa, da muryar malamin makaranta, cewa shekara da shekaru suna tuƙa mota da batir a juye, Allah ne kawai ya tsare.

Ya ce, “Haka Bature ya ba Alhaji ita. Haka Alhaji ya bar ta.”

Na ce ai shi ya sa ƙasar ba ta ci gaba, kowa haka ya tarar. Na yi masa lacca ta kusan minti goma, har da kalmomin Bulgariya. Ya ɓare goro ya ce to.

Bakin wayar ɗaya ya yi wa kan batir kaɗan, na buɗe shi da sukundireba. Ɗayan ya yi yawa, na yanko gwangwanin madara na cusa. Ƙarfe yana gaya mini gaskiya a fili, ni kuma ina gyara masa magana da guduma.

Na zura handil, ƙarfen tayar da inji, a gaba na murɗa. A karo na biyar ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Kaji suka watse. Mata suka leƙo ta kan danga. Wani ɗan akwati baƙi da ke jikin bango a cikin bonet, wanda makanikai ke kira katawut, shi ne mai tsaron ƙofa tsakanin dainamo da batir, ya shiga kaɗa haƙora kamar mai zazzaɓi. Can ya yi shiru. Na leƙa agogon caji a gaban direba, na ga allura ta kwanta gaba ɗaya a ɓangaren ƙari. Ban taɓa ganin caji mai ƙarfi haka ba. Ban tsaya na tuna cewa wanda ya juya batir ya juya agogo ba.

Nababa ya ɗaga hanci ya ce yana jin ƙauri. Na ce ƙura ce ta shekara uku. Na kashe mota. Allura ba ta dawo ba, tana nan a kwance. Injin da ba ya juyawa yana cajin batir: ko ɗan aji ɗaya zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, na ce ta maƙale, na tafi neman Baffa in yi masa albishir.

Na same shi a gona ta uku. Kafin mu dawo, Nababa ya laluba da hannu ya fizge wayar batir. Yana tsaye yana hura yatsunsa. Dainamo ya yi zafin da ba a taɓa shi, ƙofar katawut ta narke ta manne, wutar batir duk ta tsiyaye ta nan ta koma baya. Baffa ya duba, ya shaƙi ƙaurin, ya tambaya ko wannan ne albishir ɗin. Ya koma gona.

Na mayar wa Ladan batirinsa ban gaya masa abin da ya faru ba. Na yi fatan akwai sauran abin da zai kai la'asar.

Da azahar lasifika ta yi kaki, ta fitar da rabin kabbara, ta mutu. Garin ya yi tsit. Sai ga Ladan Dabo ya fito, ya tattare riga, ya taka tsohuwar matakalar ƙasa da ba a hau ba shekara bakwai, ya toshe kunne ya yi kira da muryar da Allah ya ba shi. Muryar ba ta wuce gida huɗu ba. Mutanen gonakin nesa ba su ji ba, suka yi salla a makare. Kafin magariba babu wanda bai san dalili ba, har matan kulle. A bakin rijiya aka ce an tura yaro ƙasar Turawa shekara shida, ya dawo ya ɗauke wuta a garin da babu wuta. Inna ta ajiye mini tuwo ta ce in ci, ai ba a kashe kowa ba. Ta faɗi haka ne kamar mai ba kanta haƙuri.

Talata ni na ɗaure batir a keke na kai Rimin Gado. Hanya yashi ce, rabi na tura. Mai caji ya ce sai gobe. Na koma a ƙafa ina jan keke, Laraba na sake zuwa na ɗauko. Salla goma sha ɗaya Ladan ya kira da baki, muryarsa ta dushe, kuma kowace ɗaya a kaina take. Da na kawo batirin ya karɓa, ya jinjina shi a hannu, ya ce yanzu ya dawo nauyinsa. Ban yi gardama ba. Na roƙi aron gobe, ya ce ko da Sarkin Musulmi na zo.

Saura yini ɗaya. Na sayi goro na nufi gidan Nababa. Na tarar da shi a ƙofar gida, ya naɗe yatsa biyu da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba, na zo ne a koya mini. Bai sauƙaƙa mini ba. Ya ce shi wa, shi da ya hana ƙasa ci gaba? Ya sa na maimaita buƙatata sau biyu, wai kunnensa ma ya fara tafiya. Kunnen da ke bambance sifana sha ɗaya da sha uku.

Shi ya je wajen Ladan. Sa'o'in juna ne, tare aka yi musu kaciya, don haka maganar ba ta yi kama da roƙo ba. Ladan ya ce makaho zai ja mahaukaci. Nababa ya ce ai gara su, su ba su hau katanga suna kukan ɗan akuya ba. Daga ƙarshe Nababa ya ce masa in motar ta tashi daidai, batirinsa ya huta da hawan keke har abada, a nan gida zai riƙa cika. Ladan ya tuna da gwiwoyinsa. Ya yarda da sharaɗi biyu: zai zauna a wurin da kansa, kuma Injiniya ba zai taɓa waya ba sai Nababa ya ce taɓa.

Alhamis da sassafe muka haɗu a rumfa. Tun jiya da yamma na ɓamɓare ƙofar katawut, na goge bakinta da samfefa mai laushi har ta yi haske. Na gwada dainamo da mitata, bai ƙone ba. Ba don iyawata ba, don yatsun Nababa. Na cire gwangwanin madara, na matse abin da na buɗe, na mayar da kai mai kauri jikin mota, yadda Alhaji ya bar ta. Na kama handil.

Nababa ya ce in ajiye. Ya ce ai ba a gama ba. Dainamo yana da ƙwaƙwalwa, yana riƙe da hanyar da aka fara nuna masa. Shekara ashirin yana tura wuta ta fuska ɗaya, ran Litinin na zo na juya shi da ƙarfi.

“Yanzu shi kansa bai san inda ya dosa ba,” in ji shi. “Baƙo ne ya sauka a gari da hadari. Kafin ya ta da salla sai an nuna masa gabas.”

Ya sa na cire ƙaramar wayar da ke bayan dainamo, ba babbar ba. Ya ciro wata guntuwar waya daga aljihunsa, tsohuwa, duk ta yi baƙi da maiƙo. Ya ce tun zamanin gyaɗa take tare da shi. Ya laluba ya dafa baki ɗaya a kan siririn kan batir, mai kai wuta. Ɗayan bakin ya miƙo mini. Ya ce in taɓa ƙaramin kunnen dainamon da shi in ɗauke, kamar mai gwada zafin guga. Kada in zauna a kai.

Ladan ya matso da buzunsa, ya ce a yi bisimilla tukuna, kuma ba da Bulgariyanci ba.

Na taɓa. Wani ɗan tartsatsi shuɗi ya yi ƙyas. Nababa ya ce ƙara. Ƙyas. Ƙara. Ƙyas. Ya karɓe wayarsa ya naɗe ya mayar aljihu. Ya ce shi ke nan, ya ga gabas.

Ina tsugune a wurin abin ya faɗo mini. Ragowar maganaɗisu a cikin ƙarfe. Shekara ta uku, jarrabawar bazara, tambaya ta biyu. Shafi huɗu na rubuta a kai, da zane, aka ba ni shida, makin da babu sama da shi a can. Na san dalilin abin tun kafin in yi gemu. Ban taɓa sanin ana yinsa da waya kamu ɗaya ba, kuma ban san akwai motocin Ingila da aka ƙera su da kai mai kauri a jiki ba. Ban gaya musu zancen shidan ba.

Ta tashi a murɗa ta biyu. Katawut ya yi ƙas sau ɗaya, kamar an rufe akwati, ya yi shiru. Jar fitilar gaban direba ta mutu. Allura ta ɗaga kaɗan zuwa ƙari, ta tsaya cikin ladabi.

Saura saiti. Zafin ran Litinin ya sa katawut ya saki, wutar da ke zuwa ba ta kai ba. A bayansa akwai ɗan sukuru: ka ɗaure, wuta ta ƙaru, ka sassauta, ta ragu. Nababa ya ce shi da fitilar gaba yake yi, ya tsaya a gabanta ya ga haskenta, kuma haske ne kaɗai abin da ya rage masa. Na ce a bar ni in gwada da mita. Ya ce agogon Turawa ma ya ci abinci.

Ana bukatar takarda mai ɗan kauri a sa tsakanin haƙoran ƙofar, don a auna dainamo shi kaɗai ba tare da batir ba. Muka duba, babu. Na laluba aljihu na ciro katina. Injiniya Khalilu Sama'ila. Ya shiga daidai kamar don wurin aka buga shi.

Nababa ya hau kujerarsa ta dā, ya taka totur, yana auna gudun inji da kunne. Na ɗora mita. Sha huɗu da rabi. Na ɗaure sukuru kaɗan-kaɗan, muna tsayawa inji ya sauka don kada akwatin ya yi zafi. Sha biyar. Sha shida. A nan littafi ya ce a tsaya. Na zare katin, aka kunna fitila, Nababa ya sauko na riƙe masa totur ta cikin bonet, ya je ya tsaya gabanta ya buɗe fararen idanunsa. Ya daɗe. Ya ce ashe agogon nawa ya yi karatu.

Yabon ya hau mini kai. Na ce bari in ƙara kwata, batirin masallaci ya cika sosai. Ban san yadda makaho ya ga hannuna ba, sai dai na ji sanda a wuyan hannu. Ya ce ƙari kaɗan batir ya tafasa, ruwansa ya ƙone, sai in koyi kiran salla. Ladan ya ce a ƙara mini sanda ɗaya a madadinsa.

Baffa Ja'afaru ya fito da babbar riga ya zauna a gaba. Nababa da Ladan suka hau baya, Ladan wai ba zai bar batirinsa ya yi tafiya babu muharrami ba. Na ja. Muka ratsa tsakanin gonaki, ƙasa a share tana jiran ruwa, ko'ina tulin takin masu jakuna a jere, namu babu. A Rimin Gado Baffa ya ce in kashe ta. Na kashe. Ya sauka ya gaisa da mutum uku, ya sayi gishiri, ya dawo ya ce in tayar, kuma ba da handil ba. Na danna sitata. Ta kama nan take.

Muka juyo. Da muka tsaya a ƙofar gida Baffa ya zagaya bayan motar yana auna ta da taƙi, tsawo da faɗi, ya leƙa ƙasa ya dubi sifirin. Ya ce a aika wa maƙeri ya sha zamansa. Na fara shirya abin da zan ce game da Alhaji.

Baffa ya ce a cire tamfol da kujerun baya. A lissafinsa za ta ɗauki mangala takwas a sawu ɗaya. Maƙwabta za su kawo fetur a kai musu nasu bayan namu.

Na ce, “Baffa, taki?”

Ya ce, “To da me? Amarya?” Ya dubi Nababa, ya dube ni. “Shi ba ya gani. Kai ne direba.”

Kwana ashirin da uku na yi ina jigila kafin ruwa ya sauka. Bayan asuba in karɓi batir a hannun Ladan, ya jinjina shi, in mayar kafin azahar, ya sake jinjinawa. Lasifika ta yi ƙarfin da har Fulanin rugar gabas suka aiko a rage. Nababa yana zama kusa da ni, yana gaya mini inda rami yake a hanyar da ya rabu da gani shekara biyar. Warin ya kama kujeru, ya kama mitata, ya kama ni. Inna ta ware mini kwano.

Ba a ƙara kirana mai ɗauke wuta ba. Injiniyan juji ake ce mini, kuma ina amsawa. Motar na nan da ƙafafunta huɗu. Katunan ma suna amfani: duk saiti ina cin ɗaya.